Kafin Ki Goge Layin da Ba Ki Gane Ba

Assalamu alaikum, 'yata.

Bayan gaisuwa da fatan kina cikin ƙoshin lafiya. Tun daren da muka yi waya maganarki take ta yi mini yawo a rai. Na ji zafi a muryarki, shi ya sa ban ja zancen ba, na ce bari in zauna in rubuto miki, ki karanta bayan zuciyarki ta huce.

Kin ce manhajar da kuka gada a wurin aikinku tarkace ce, da harshen kwamfuta na PHP aka rubuta ta shekara da shekaru, kuma kin faɗa wa shugaban rukuninku a gaban kowa cewa gara a rushe ta a sake gina ta da wani harshen, Rust. Kin ce shiru ya yi, tun daga ranar kuma gaisuwa kaɗai ke haɗa ku. Na yi murna da kina da ra'ayi, kina kuma da ƙarfin halin faɗarsa, don mai rubuta manhaja da komai daidai ne a wurinsa ba ya nisa. Abin da ya dame ni shi ne watanki bakwai kacal a wurin, kuma da na tambaye ki kashi nawa na kod ɗin, wato rubutaccen umarnin manhajar, kika karanta, kin ce ba ki kai rabi ba.

Bari in ba ki labarin abin da ya faru da ni ina kusan shekarunki. An ba ni gyaran wata tsohuwar manhaja mai shirya albashin ma'aikata a ƙarshen wata. Ina cikin karatu sai na ci karo da wani layi da ke sa kwamfuta ta dakata daƙiƙa biyu kafin ta aika fayil na biyu. Babu bayani a gefensa, babu sunan wanda ya sa shi. Na dube shi na ce ɓata lokaci ne, na goge, na gwada a na'urata komai ya tafi sumul. Ranar biyan albashi sai ga rabin sunayen ma'aikata ba su isa inda za su ba. Har yau ina iya ganin dattijon da muke aiki tare, ya jawo kujera kusa da ni, ya gyara zaman tabarau, ya ɗora yatsa a kan allon daidai inda layin yake a da. Ya ce na'urar da ke karɓar fayil a ɗaya ɓangaren tsohuwa ce, sai ta gama rufe na farko take iya buɗe na biyu, in aka turo su a jere sai ta yar da ɗaya ba tare da ta yi ƙorafi ba. Bai ɗaga murya ba, bai kuma kai ƙarata ba. Cewa ya yi in mayar da layin, in rubuta bayani a samansa don wanda zai zo bayana. Mun kwana a ofis muna gyara a daren, mutane da dama kuma albashinsu ya yi latti saboda ni, abin da ya daɗe yana ci mini rai. Ruwa ba ya tsami banza, 'yata. Yawancin layukan da suke ba ki haushi a tsohuwar manhajar nan tabo ne na wata matsala da ta taɓa hana wani barci.

Shi ya sa maganar a rushe a sake ginawa take ba ni tsoro. Sabon ginin zai fito da kyau a ido, amma duk darussan da tsohon ya haɗiye a tsawon shekaru sai kun sake koyonsu ɗaya bayan ɗaya, a kan masu amfani da manhajar. Ki duba harshen Python. An fitar da Python 3 a 2008, harshe ɗaya ne, gyara kawai aka yi masa, amma sai a watan Janairun 2020 aka daina kula da Python 2, saboda wahalar da mutane suka sha wajen ƙaura. To ina ga sauya harshe baki ɗaya, da ma'aikatan da ba su taɓa rubuta shi ba?

Kada ki ɗauka raina Rust nake yi. Na shafe shekaru ina rubuta C, harshen da Dennis Ritchie ya ƙirƙira a Bell Labs wajen 1972, na kuma san irin raunin da yake yi wa mai shi. A C kai ne kake neman wuri a ma'adanar kwamfuta, kai ne kake mayar da shi, in ka manta ko ka taɓa wurin da ka riga ka saki, babu mai tsawata maka sai ranar da abin ya fashe. A 2019 kamfanin Microsoft ya bayyana cewa kimanin kashi 70 cikin 100 na kafofin tsaro da yake toshewa duk shekara daga irin wannan kuskuren ma'adana suke fitowa. Rust yana kama mafi yawansu tun kafin manhajar ta fara aiki, wannan kuwa ba ƙaramin ci gaba ba ne. Amma ki lura da yadda ya shiga Linux, babbar manhajar nan da ke tafiyar da kwamfuta. Ba wanda ya rushe abin da aka faro tun 1991. A ƙarshen 2022 aka buɗe masa ƙofa, ya fara shiga kaɗan-kaɗan a gefen C, ana gwadawa ana gardama. Sannan ki tambayi kanki tsakani da Allah, matsalar manhajarku ta ma'adana ce? PHP da kike rainawa shi ke ɗauke da Wikipedia da WordPress, da shi kuma aka fara gina Facebook, kuma shi da kansa yake kula da ma'adanarsa. In ciwonku rashin tsari ne da rashin gwaji, za ku kwashe su ku kai sabon harshen kamar yadda suke.

Akwai misalin da nake so ki riƙe. Ranar 4 ga Yunin 1996 rokar Ariane 5 ta Turai ta tarwatse ƙasa da minti ɗaya da tashinta. Da Ada aka rubuta manhajarta, harshen da aka sani da tsanani da taka-tsantsan. An ɗauko wani sashe ne daga Ariane 4, inda ya yi aiki lafiya lau, amma sabuwar rokar ta fi tsohuwar gudu, sai wata lamba ta yi girman da ta kasa shiga gurbi mai bit 16 da aka tanadar mata. Harshen bai cece su ba, domin kuskuren yana cikin zaton da babu wanda ya koma ya bincika. Wannan labarin yana goyon bayanki ta wani gefen, na yarda, tunda yana nuna tsohon kod ma ba abin a rungume ido rufe ba ne. Sai dai wanda zai gano zaton da ya tsufa shi ne wanda ya zauna ya karanta.

Gardamar Vim da Emacs, manhajojin da ake rubuta kod a cikinsu, ko ta masu danna Tab da masu danna tazara a farkon layi, ba zan ɓata miki takarda a kanta ba. Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Yi rubutunki da abin da hannunki ya saba, amma tsarin da kod zai fito da shi ki bi na rukuninku ko bai yi miki ba. Masu harshen Go sun yi dabara da suka haɗa shi da gofmt, ƙaramar manhajar da ke daidaita rubutun kowa iri ɗaya, gardamar ta mutu. In ba ku da irinta, ki ba da shawarar a sa, wannan shawara ce da za a karɓa daga sabuwar ma'aikaciya da hannu biyu. Haka kuma manhajojin nan masu rubuta wa mutum kod, ban hana ki amfani da su ba, amma kada ki miƙa layin da ba za ki iya tsayawa ki bayyana shi ba in an tambaye ki.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne kalmar tarkace. Wataƙila mutumin da kika faɗa wa ita shi ya rubuta rabin kod ɗin, a lokacin da su biyu ne kacal, ana matsa musu su gama cikin mako uku. Sana'armu tana da wannan cutar, mutum ya ɗauka kaifin harshe alamar ƙwarewa ce. Linus Torvalds, wanda ya ƙirƙiri Linux da Git (manhajar adana tarihin gyaran kod), ya shahara da zafafan saƙonni ga masu turo masa gyara, amma a watan Satumban 2018 ya fito ya nemi afuwa, ya ɗan janye daga aikin don ya gyara halinsa. A shekarar ce kuma Guido van Rossum ya sauka daga jagorancin Python bayan doguwar taƙaddama mai ɗaci a kan wata 'yar alama da aka so ƙarawa a harshen. Idan magana ta iya gajiyar da mutumin da ya ƙirƙiri harshe da hannunsa, me kike tsammani za ta yi wa abokin aikinki?

Lokacin bitar kod, ki yi magana a kan layin, ki bar mai layin. "Me ya sa aka duba wannan sau biyu, akwai abin da ban gani ba?" ya fi "wannan ba shi da amfani" kawo amsa, kuma sau da yawa amsar za ta ba ki mamaki. In aka yi wa naki gyara, ki karanta sau biyu kafin ki mayar da martani. In kika yi ɓarna, ki riga kowa faɗa. Kada kuma ki saki sabon gyara da yamma ana shirin tafiya hutun ƙarshen mako, ki bar wani da kashe wuta. Ba a fafe gora ranar tafiya: gwajin da ba ki rubuta ba yau, ba ranar da manhaja ta tsaya za ki samu sukunin rubuta shi ba.

Ga abin da nake so ki yi. Gobe ki sami shugaban rukunin naku shi kaɗai, ki ce kin yi gaggawa, ki ba shi haƙuri ba tare da kin haɗa da "amma" ba. Ki roƙe shi ya ba ki awa ɗaya ya bi da ke ta sashen da ya fi ba ki haushi, ki riƙe biro da takarda. Bayan haka ki zaɓi ƙaramin sashe guda, ki rubuta masa gwaji, ki gyara shi a cikin PHP ɗin, ki bar bayani a inda babu. In bayan wata shida har yanzu kina ganin akwai wurin da Rust zai yi amfani, ki kai maganar da lambobi a hannu: ga lokacin da sashen yake ci yanzu, ga wanda ya ci da na gwada, ga mutum nawa a cikinmu za su iya kula da shi in ba na nan.

Mahaifiyarki tana gaishe ki, ta ce ki rage zaman dare a gaban allo. Ki kira ni bayan kun zauna da shi, ina so in ji abin da ya nuna miki. Allah Ya yi miki albarka, Ya sa wa aikinki albarka.

Naki,
Mahaifinki