Ba Jarumai Kaɗai Ke Mutuwa Ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Na saurari shirinku na rediyo na daren Asabar daga farko har ƙarshe, kuma na kwanta raina a ɓace. Kun ce za ku tuna da ma'aikatan fim da talabijin da suka riga mu gidan gaskiya, amma abin da kuka yi shi ne jero sunayen jarumai, kamar dai fim yana haɗa kansa ne da zarar jarumi ya tsaya ya buɗe baki.

Ba ni da ja a kan waɗanda kuka ambata. Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a Disambar 2014, ya cancanci duk lokacin da kuka ba shi. Haka ma Kasimu Yero da ya rasu a 2017, da Usman Baba Pategi, wato Samanja Mazan Fama, da ya rasu a 2023, domin su ne suka zaunar da iyayenmu a gaban akwatin talabijin tun kafin a fara fim ɗin Hausa na bidiyo a 1990. Rasuwar Hajiya Saratu Giɗaɗo a ƙarshen azumin 2024 kuwa har cikin gidanmu an yi mata kuka. Allah ya jiƙan su da rahama. To amma ina masu ɗaukar hoto, da masu haske, da masu ɗaukar sauti, da masu tace fim, da matan da ke yi wa jaruman kwalliya, da direbobin da ke kai su wurin aiki? Darakta Nura Mustapha Waye, wanda ya ja ragamar shirin Izzar So har zuwa rasuwarsa a 2022, a numfashi ɗaya kuka wuce shi. Ahmad Tage kuwa, da ya rasu a 2021, ɗan barkwanci kawai kuka kira shi, alhali mutum ne da ya daɗe yana riƙe da kyamara.

Ina da dalilin jin zafin wannan magana. Yayana, uwa ɗaya uba ɗaya, ya bar Gusau yana saurayi ya tafi Kano, ya fara da ɗaukar wayoyi da jigilar janareto, daga baya aka yarda da shi a kan fitilu, a ƙarshe ya zama mai ɗaukar sauti. Aikinsa shi ne ya ɗaga sandar makirfo sama da kan jarumai, ya riƙe numfashinsa, ya tsaya cikin rana har kafaɗunsa su sage, in kuma jarumi ya manta maganarsa a sake daga farko. Shi ne na farkon isa lokeshan, wato wurin ɗaukar fim, shi ne kuma na ƙarshen tashi, saboda sai an naɗe kaya an loda a mota. Ba shi da albashi, ba shi da fansho, abin da aka ba shi in an gama aiki shi ne nasa, wani lokaci ma sai a ce ya jira fim ya shiga kasuwa. Da satar fasaha da tura fim a waya suka kashe kasuwar faifai, irinsu ne suka fara rasa abin sawa a bakin salati, tun kafin a koma yin finafinai masu dogon zango a YouTube.

Da ciwon ƙoda ya kama shi, gida muka dawo da shi, kuma da gonar gadonmu muka yi jinyarsa har Allah ya karɓi abinsa. Ya bar mata da yara ƙanana. Babu gidan rediyo ko jaridar da ta ba da labarin rasuwarsa. Waɗanda suka zo mana ta'aziyya abokan aikinsa ne na bayan fage, talakawa irinsa, waɗanda suka yi karo-karo suka ɗauki hayar mota, suka biyo hanyar Funtuwa da Tsafe duk da sun san halin da hanyar take ciki, suka zauna da mahaifiyarmu, suka kuma ajiye mata ɗan abin da suka tara. Ba zan taɓa manta musu ba. Lokacin da kuke karanta sunaye a daren nan, matarsa tana zaune kusa da rediyo tare da yaran, kuma na san abin da take jira ta ji.

Ko sunayen irin waɗannan bayin Allah, a ƙarshen fim ake rubuta su da ƙananan baƙaƙe, su wuce a guje, gidajen talabijin kuma su yanke wurin su saka talla. Kun ba da labarin haɗurran mota da suka yi ajalin Balaraba Muhammad a 2003, da Ahmad S. Nuhu a 2007, da Hauwa Ali Dodo a 2010, amma ba ku faɗa wa masu sauraro cewa ma'aikatan bayan fage su ne suka fi kowa kwana a kan waɗannan hanyoyi ba, cikin motar kaya, tsakanin fitilu da janareto.

Wani abin kuma, saƙonnin da kuke karantawa kusan duk daga Kano da Kaduna suke. Mu ma nan Zamfara da 'yan'uwanmu na Kebbi muna sa kati muna turowa, kuma muna jin shirin kamar kowa.

Roƙona shi ne ku ware wa ma'aikatan bayan fage shiri guda nasu. Ku nemi shugabannin MOPPAN, wato ƙungiyar masu sana'ar shirya fim, da ƙungiyoyin masu ɗaukar hoto da masu tacewa su ba ku sunayen mamatansu, ku gayyaci abokan aikinsu su faɗi irin aikin da suka yi, ku kuma tambayi matan da suka bari yadda suke ciyar da marayu. Idan kun shirya, zan kawo muku matar yayana har ɗakin shirinku da kuɗin motata.

Wassalam.

Mai sauraronku,
Tudun Wada, Gusau, Jihar Zamfara