Sunan da ke goshin bas ba shi ke jan ta ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ɗan fili a jaridarku domin mu sa baki a wata gardama da ba ta ƙarewa a tasha da gareji, wadda ta ƙara zafi tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, gwamnatoci suka shiga rige-rigen sayo manyan motocin haya na cikin gari. Wace bas ce ta fi? Samari masu sha'awar motoci suna da amsarsu, direbobi suna da tasu, kanikawa ma haka, kuma sau da yawa ba abu ɗaya suke aunawa ba.

Akwai kuskuren da ya kamata a fara gyarawa. A nan ƙasar, da an ga doguwar bas mai kyan fuska sai a ce Marcopolo ce, shi ke nan an gama magana. To Marcopolo kamfani ne na ƙasar Brazil, a garin Caxias do Sul, kuma sana'arsa ƙera bodi: bango, rufi, kujeru, ƙofofi da gilasai. Abin da ke ƙasa, wato shasi da injin da giya da birki, na Mercedes-Benz ne ko Scania ko Volvo ko Volkswagen. Motocin Aayalolo da suka fara aiki a Accra a 2016 bodin Marcopolo ne a kan Scania, a Legas kuwa akwai bodin Marcopolo a kan Mercedes. Fuska iri ɗaya, amma bakaniken da ya ƙware a ɗaya zai iya tsayawa yana sosa ƙeya a gaban ɗayar. Yutong na birnin Zhengzhou a Sin shi yana haɗa bodi da shasi da kansa, sai dai injin na iya zama Yuchai ko Weichai ko Cummins, gwargwadon abin da mai saye ya biya. Don haka mai son sanin mota ya bar goshinta, ya nemi ɗan farantin ƙarfen nan da ake mannawa kusa da ƙofar gaba ko kujerar direba. Lambobin Mercedes ma karanta kansu suke yi. 911 ɗin da aka riƙa gina molue, wato tsofaffin manyan bas ɗin haya, a kanta a Legas, ma'anarta tan 9 da ƙarfin doki 110. OF-1721 kuwa, F ɗin na nufin injin a gaba, tan 17, doki kusan 210.

Ba raina masu sha'awa muke yi ba. A cikinsu akwai wanda daga bakin titi zai gaya maka giyar da ke cikin bas da kunne kawai: giyar kamfanin Voith takan ja dogon kuka tun daga tashi ba ta canza ba sai mota ta miƙe, ta kamfanin ZF mai giya 6 kuwa gajeren hawa take yi ɗaya bayan ɗaya. Wannan ilimi ne. Amma ma'auninsu fitila ce da fenti da faɗin gilas da allon da ke rubuta sunan unguwa, kuma duk waɗannan a ranar ƙaddamarwa suka fi amfani.

Direba daga wurin zamansa yake fara hukunci. Bas mai injin gaba, irin Ashok Leyland ɗin Indiya da aka buɗe layin BRT na Legas, wato hanyar da aka keɓe wa manyan bas, da su a watan Maris 2008 daga Mile 12 zuwa CMS, murfin injin yana nan dab da ƙafarsa ta dama. A watan Afrilu a Kano ko Sakkwato, zafin da ke tasowa daga wurin kamar zama ne kusa da murhun mai tsire, ga ƙara wadda ba ta barin ya ji abin da kwandasta ke faɗa. Injin kuma yana cinye hanyar shiga, fasinja sai ɗai-ɗai. Amma lagireto yana fuskantar iska mai tsabta, cikin motar yana da tsawo daga ƙasa, sifirin ɗinta na ganye ne wanda idan ɗaya ya karye za a samu ko a Ƙofar Ruwa ko a Panteka ta Kaduna a ɗaura kafin la'asar. Mai injin baya ta fi daɗin tuƙi nesa ba kusa ba, shiru, sanyi, ƙofa a buɗe. Illarta ita ce direba ba ya jin injinsa. Fanbel zai tsinke mita 10 a bayansa bai sani ba, in ba ya duba allurar zafi a kai a kai, sai gasket ya ƙone. Ga shi lagiretonta yana gefe a baya, daidai inda tayoyi ke tayar da ƙura, yana zuƙar ƙasa da leda da ɓawon rake har ƙofofin saƙarsa su toshe. Maganinsa a hure shi da iska daga ciki zuwa waje duk mako, lokacin hunturu ma fiye da haka. Wanke shi da ruwa ba tare da an fara hurewa ba laka kawai yake haɗawa.

Sai maganar giya, wadda a kanta direbobi suka rabu biyu. Tsofaffin hannu sun fi yarda da giyar hannu domin sun san ciwonta: farantin kulochi ne, a sauke a sa sabo. Sai dai bas ɗin cikin gari ba motar Kano zuwa Legas ba ce. Tana tsayawa duk bayan mita 400 ko 500, ga cunkoso, ga danja, direba yana taka kulochi sau ɗaruruwa a sawu ɗaya, kuma da gajiya ta zo sai ya fara tashi da giya ta 2 da cikakken lodi, abin da ke cinye faranti ke nan. Giya mai canza kanta tana raba shi da wannan wahala, kuma a cikinta akwai na'urar rage gudu da ke aiki da mai, wadda ke ɗauke wa birki rabin aikinsa. Amma tana da dokoki biyu da ake yawan karyawa. Na farko, man da kamfaninta ya rubuta shi kaɗai take sha, ba kowane jan mai ba. Na biyu, idan motar ta mutu a hanya za a ja ta, dole a kwance dogon ƙarfen da ke kai juyi zuwa tayoyin baya. Famfon man giyar da injin yake juyawa, in an ja ta injin a kashe, ƙarafa suna gudu babu mai. Motar da ta tsaya saboda fis na naira kaɗan sai ta iso gareji da giyar miliyoyi a ƙone.

Bas mai ƙasa-ƙasan daɓe ita ce abin alfaharin masu sha'awa, kuma suna da hujja. Matakinta bai wuce santimita 35 daga titi ba, tsohuwa da mai goyo da mai keken guragu duk su shiga ba a ɗaga kowa ba, mai dogon daɓe kuwa sai an hau matakala 2 ko 3 zuwa kusan santimita 90. Amma a dubi titinmu. Bas mai tsawon mita 12 tana da hanci da ya zarce tayar gaba da fiye da mita 2 da rabi, bayanta kuma ya zarce da fiye da mita 3. Tudun rage gudu irin wanda 'yan unguwa ke ginawa da kansu, ko gangaren shiga gidan mai, ya isa ya daki ƙasanta. Kuma a kan balan-balan na iska take zaune maimakon sifirin. Da roba ɗaya ta tsage, ko ɗan sandan da ke daidaita tsayinta ya lanƙwashe a rami, sai ka ga mota ta karkace gefe guda. Direban da ya ce bari ya lallaɓa ya ƙarasa sawu, bodi yake tsagawa. A titi mai kyau da magudanar ruwa babu kamarta. Inda ruwan Agusta ke kwanciya har gwiwa, mai dogon daɓe ce ke dawowa gida.

Birkin iska duk ɗaya ne a kusan dukkansu, sakacin ma ɗaya ne. Allurar matsin iska takan tsaya tsakanin 8 da 10 a yawancin motocin da ke nan, ƙararrawa ta yi kuka in ta sauko wajen 5 ko 6. Kwamfireso yana tura iska da danshinta, akwai gwangwanin da ke shanye danshin, wanda ya kamata a canza shi duk shekara, amma ba a tuna shi. Ruwa sai ya taru a tankuna, ya sa bawul tsatsa, wata safiya birki ya ƙi saki ko ƙofa ta ƙi rufuwa, tunda ita ma da iskar take aiki. Jan zoben da ke ƙasan kowane tanki da safe bai kai minti 2 ba. In ruwa ya fito, gwangwanin ya mutu. In baƙin mai ya fito, kwamfireso ne ya fara zubarwa.

Inda aka fi asara shi ne wajen mai. Tsohon injin irin OM 352 na 911 yana da injekta ta ƙarfe zalla, ya sha gurɓataccen dizal ya yi hayaƙi ya wuce. Sababbin injuna kwamfuta ke sarrafa su, suna matsa mai da ƙarfin da ya haura awo 1,600 a ma'aunin matsi na bar, ramukan nozul ɗinsu, wato bakin da ke fesa mai cikin injin, kuma sun kusa sirantar gashi. Ruwa a tanki yana iya kashe nozul. Shi ya sa kofin da ke raba ruwa da mai ba ado ba ne, kullum ake zubar da abin da ya tara, kuma matatar mai ta jabu tana da haɗari domin tana sa mutum ya saki jiki. Masu sayo bas 'yar Baljiyam daga Turai su ƙara lura: mai matakin Euro 5 ko 6, wato ƙa'idar rage hayaƙi ta Turai, tana buƙatar ruwan AdBlue mai tsabtace hayaƙi a wani tanki daban, kamar lita 5 a kowace lita 100 ta dizal. In ya ƙare, ko aka ɗura mata ruwan famfo, kwamfuta da kanta take rage wa injin ƙarfi, sai a yi ta zargin turbo alhali lafiyarsa ƙalau.

A bar mu mu yi tsokaci kan wata ɗabi'a ta 'yan uwanmu kanikawa, cire tamostat, wato bawul ɗin da ke daidaita zafin ruwan injin, wai don ƙasarmu da zafi. Injin dizal an yi shi ne ya yi aiki a zafin digiri 80 zuwa 95. In an cire, da sanyin safiya ba ya kai wa nan, ya ƙara shan mai, ya tara baƙi, zafin da ake gudu kuma yana nan tunda asalinsa toshewar lagireto ne. Haka buga matatar iska a jikin taya don a kakkaɓe ƙura: takardar ce ke tsagewa, ƙurar hunturu ta wuce kai tsaye cikin silinda.

Wasu direbobin za su ce duk wannan dogon turanci ne, a ba su Hayis. Suna da gaskiyarsu. Injinta 2TR mai lita 2.7 babu garin da ba a san shi ba, kayansa har a ƙauye. Amma lissafi ba ya goyon bayansu a babban titi. Babbar bas tana shan kamar lita 40 a kilomita 100, ta kwashi mutum 70 zuwa 80 har da na tsaye, kowane fasinja ya tashi a kan rabin lita. Hayis mai lodi tana shan wajen lita 13 da mutum 14 zuwa 18, wato kusan lita ɗaya saura kaɗan kowane kai, ga direbobi 5 a inda ɗaya zai isa. Sharaɗin dai babbar ta cika. A hanyar Nyanya da Mararaba zuwa cikin Abuja, ko titin Zariya da na Katsina a Kano da safe, za ta cika har ta bar mutane. A lungunan cikin birni kuwa, motar da ke buƙatar fili mai faɗin mita 22 ko fiye kafin ta juya ba ta da abin yi, nan wurin Kosta ne mai kujera 30 ko abin da bai kai ta ba.

Motocin bas masu aiki da iskar gas da ake yayi yanzu injinsu da filogi yake tashi kamar na fetur, ya fi na dizal zafi, tukwanen kuma a kan rufi suke da matsin awo 200, don haka direba ya san tsayin motarsa kafin ya shiga ƙarƙashin rumfar tasha. Su da masu batir tambayarsu ɗaya ce: ina za a cika su, kuma awa nawa za su yi a layi?

Abin da ke kwantar da bas a ƙarshe ba kasafai yake zama babban abu ba. Gilashin gaba ne mai lanƙwasa guda ɗaya wanda babu irinsa a ƙasar, alhali mai tsagi biyu miƙaƙƙe kowane mai yankan gilas zai yi shi. Ko wata 'yar na'ura a jikin giya da sai an yi odarta wata 3. Kafin ta iso an cire batir an sa wa wata, an cire taya, an cire madubi, mota ta zama kantin kayan gyara. Hukumar da ta sayi iri 5 daga kamfani 5 ta ninka wa kanta wannan ciwo sau 5.

Roƙonmu ga masu sa hannu a takardar saye, ranku ya daɗe, shi ne kafin a biya kuɗi a kawo mota ɗaya, a loda mata buhunan yashi daidai nauyin mutum 80, a kunna na'urar sanyi, a ba direban haya na gaske ya yi ta zagaya layin da za ta bi da tsakar rana har mako guda, bakanike yana zaune a baya yana duba zafin ruwa da na man giya. A cikin yarjejeniyar kuma a rubuta matatun mai da na iska na shekara 2, robobin iska, takalman birki, gilasan gaba, kwamfutar binciken injin tare da wanda zai koya wa yaranmu aiki da ita, da littafin gyara cikin harshen da kanikawanmu ke karantawa.

Wassalam.

Naku,
Wasu direbobi da kanikawan manyan motoci, Kano