Sanarwa kan kuɗin ƴaƴan masu karɓar SSDI

Assalamu alaikum ƴan'uwa mazauna Amurka. Duk wanda yake karɓar SSDI, wato kuɗin naƙasa da hukumar Social Security ta gwamnatin Amurka ke biyan wanda ya taɓa aiki, ƴaƴansa ma suna da haƙƙi. Amma ku duba takardarku da kyau: idan SSI ce, wato tallafin masu ƙaramin ƙarfi, babu kason ƴaƴa a cikinta. Nan ne mutane suka fi ruɗewa.

Yaro zai iya samun har rabin kuɗin mahaifinsa ko mahaifiyarsa, muddin bai yi aure ba kuma bai kai shekara 18 ba. Idan yana sakandare cikakken lokaci, ana ci gaba har 19, sai dai a cika fom SSA-1372, makaranta ta sa hannu. In an yi sakaci, kuɗin ya tsaya. Yaron da ya naƙasa kafin shekara 22 kuwa, nasa yana ɗorewa.

Akwai iyaka: jimillar kuɗin gida ba ta wuce kashi 150 cikin 100 na kuɗin mai naƙasar. Yawan ƴaƴa ba ya ƙara kuɗi, rabawa ake yi.

Ku kira ofishin Social Security ko ku je da kanku, da takardar haihuwa da lambobin SSN, wato lambobinku na Social Security. Yaron da ba ɗan ƙasar Amurka ba, idan ya wuce wata 6 a gida Najeriya ko Nijar ko Gana, galibi ana dakatar da kuɗinsa.