Kafin a biya kuɗin zaman ashram a Indiya

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a jaridarka mai farin jini domin mu ja hankalin 'yan'uwa masu zuwa Indiya neman magani ko karatu. Ana tallata musu zaman mako ɗaya ko biyu a ashram, a ce wurin hutu ne da motsa jiki, mutum ya je shi kaɗai ko da iyalinsa. A nan Zariya, daga Samaru har cikin birni, akwai masu sha'awar abin alhali ba su san me za su tarar ba.

Ashram gidan ibada ne na mabiya addinin Hindu, inda almajirai ke zama ƙarƙashin malaminsu. Garin Rishikesh na bakin Kogin Ganga cike yake da su, kuma nan wani malamin Hindu mai suna Swami Sivananda ya kafa ƙungiyar Divine Life Society a 1936. A gidajen da almajirinsa Swami Vishnudevananda ya buɗe, irin na Neyyar Dam a jihar Kerala, ana kaɗa ƙararrawa wajen ƙarfe 5:30 na asuba. Ƙarfe 6 kowa ya zauna a ƙasa ya tanƙwashe ƙafa, a yi shiru na kimanin rabin sa'a, sannan a rera waƙoƙin yabon allolinsu. Ana yin yoga, wato motsa jiki da sarrafa numfashi, sau biyu a rana, akwai sa'ar aikin gayya kamar shara, da dare kuma a sake zaman waƙar. Halartar waɗannan dole ce ga baƙo. Musulmi ko Kirista ya san da wannan tun yana gida, ya tambaya a rubuce ko za a ɗauke masa zaman waƙar, ko kuma zai samu sararin yin sallarsa a kan lokaci. Ɗan zaƙin da ake rabawa bayan ibada, wanda suke kira prasad, an riga an miƙa shi ga abin bautarsu, don haka mutum ya yanke shawararsa kafin a miƙo masa.

Abin da ya fi damunmu shi ne marasa lafiya. A waɗancan gidajen abinci sau biyu ne kawai, ƙarfe 10 na safe da 6 na yamma: shinkafa, miyar wake da ganye, babu nama, babu ƙwai, sau da yawa babu albasa da tafarnuwa. Sa'a 16 ke nan tsakanin abincin dare da na safe. Mai ciwon suga da ke allurar insulin, in ya ƙara da motsa jiki da yunwa, sugansa na iya faɗuwa har ya suma. Wanda aka yi wa aikin gwiwa ko baya kuwa, dogon zama a ƙasa na iya tayar masa da ciwo. Malamin yoga ba likita ba ne. A nemi izinin likitan da ya yi aikin.

Masu iyali su kama ɗakin kansu tun da wuri, domin a babban ɗakin kwana ana raba maza da mata, ko da miji da mata ne. A tambayi shekarun yaran da ake karɓa, a kuma tafi da fasfo da biza, saboda sai an yi wa baƙon waje rajista. Mai nufin Rishikesh a Disamba ko Janairu ya riƙi rigunan sanyi masu kauri, don sanyin gindin tsaunukan Himalaya, inda garin yake, ya fi hunturun Zariya tsanani.

Naku,
Wasu masu nazarin addinai,
Samaru, Zariya