Kuɗin goron da ake yi wa fina-finan Koriya

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ku da dukan abokan aikinku, ina roƙon ku ba ni fili in tofa albarkacin bakina a kan muhawarar da masu karatu suke ta yi game da fina-finan Koriya ta Kudu masu dogon zango. Na lura masu bayyana ra'ayi sun rabu gida biyu. Wasu suna cewa waɗannan fina-finai sun fi na Turawa kunya, domin ƙarami yana rusuna wa babba, ɗa ba ya ɗaga wa mahaifinsa murya, kuma magidanci zai iya zama ya kalla tare da iyalinsa. Wasu kuma suna ganin babu abin da ke cikinsu sai cin lokaci, da shan giya, da cusa wa 'yan mata burin irin mijin da babu shi a duniya. A ganina kowane ɓangare yana da guntuwar gaskiyarsa, amma dukansu sun yi wa fina-finan kuɗin goro, kuma hukuncin da aka yanke a kan komai a dunƙule ba ya amfanar mai kallo, ba ya kuma isa kunnen masu shiryawa.

Mafi yawan masu yabon sun fara ne daga fina-finan tarihi. Jumong, wanda tashar MBC ta nuna daga 2006 zuwa 2007 cikin kashi 81, labari ne na ɗan sarkin da ya kafa Goguryeo, ɗaya daga cikin tsofaffin daulolin Koriya, kuma duk wanda ya tashi yana jin labarin fada da makircin matan sarki da rikicin gadon sarauta ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani kafin ya gane inda aka dosa. Haka ma Dae Jang Geum na 2003, labarin marainiyar da ta fara daga ɗakin girkin fada har ta zama likitar sarki. Wanda ya kalli waɗannan ya ce akwai tarbiyya a ciki bai yi ƙarya ba. Sai dai wanda ya fara da Squid Game na 2021, inda mutum 456 da bashi ya yi wa katutu suke wasannin yara ana harbe duk wanda ya faɗi, shi ma bai yi ƙarya ba idan ya ce bai ga tarbiyyar da ake faɗa ba. Bambancin yana da dalili. Tashoshin talabijin na ƙasar, irin su KBS da MBC da SBS, suna ƙarƙashin dokokin tacewa masu tsauri, har ta kai sukan dishe hoton wuƙa ko karan sigari, alhali abin da aka shirya kai tsaye domin Netflix, dandalin kallon fina-finai ta intanet, kamar Squid Game, ba ya bin wannan hanya. Giyar da suke kira soju kuwa tana nan a kusan kowanne, domin shanta ba abin kunya ba ne a wurinsu, kuma bai kamata masu yabo su riƙa yi kamar ba su gan ta ba.

Babban abin da ya sa na rubuto shi ne yadda ra'ayin mai kallo yake da ƙarfi a can Koriyar, abin da ban ga kowa ya taɓo ba a muhawarar tamu. An daɗe a ƙasar ana fara nuna fim tun ba a gama ɗaukarsa ba, ana sakin kashi biyu a mako yayin da marubuci yake ci gaba da rubuta na gaba, saboda haka abin da jama'a suka faɗa a wannan mako yana iya sauya makomar wani jarumi a mako mai zuwa, ko ya sa a ƙara wa fim tsawo idan ya karɓu. A watan Maris na 2021 tashar SBS ta fara nuna Joseon Exorcist, masu kallo suka tayar da ƙura cewa an nuna Sarki Taejong na Joseon, tsohuwar daular Koriya, yana kashe talakawan da ba su ji ba ba su gani ba, an kuma jera abinci da kayan ado irin na Sinawa a wani gida da aka ce na ƙasar Joseon ne. Kamfanoni suka janye tallace-tallacensu ɗaya bayan ɗaya, tashar ta soke fim ɗin bayan kashi biyu kacal. Ni dai ina ganin hukuncin ya yi tsanani, tun da labarin na aljanu ne da bai yi da'awar zama littafin tarihi ba, kuma ma'aikata da yawa sun yi asarar wahalarsu. Amma abin lura shi ne masu ƙorafin sun ambaci sunan sarkin, sun nuna wurin da aka yi kuskuren, sun faɗi irin abincin da bai dace da zamanin ba.

Masu kallo na ƙasashen waje ma sun bi wannan hanya, kuma ta yi musu aiki. A 2017 tashar MBC ta nemi afuwa, har da harshen Larabci, bayan Musulmi daga ƙasashe daban-daban sun yi tir da yadda fim ɗin Man Who Dies to Live ya nuna mata da ɗankwalin hijabi a kai suna sanye da kayan ninƙaya, da sauran abubuwan da suka saɓa wa addini. A 2023 masu shirya King the Land na tashar JTBC su ma sun ba da haƙuri a kan wani yariman Larabawa da suka nuna yana shan giya yana bin mata. Wanda ya fi shafarmu shi ne Shooting Stars na 2022, inda jarumin ya tafi "Afirka" haƙa rijiyoyi, ba a ambaci ƙasa ko gari ba, sai ka ce nahiyar ƙauye ɗaya ce da ke jiran mai taimako, kuma masu kallo 'yan Afirka da dama sun nuna ɓacin ransu a shafukan sada zumunta. Irin wannan ƙorafi shi nake so in riƙa karantawa daga masu karatunmu, domin ya kama abu takamaimai, kuma mai shirya fim yana iya gane abin da ake so ya gyara.

Ba don Allah kawai kamfanonin suke sauraron baƙi ba. Fim ya zama hajar da Koriya take fitarwa kamar yadda take fitar da motoci da wayoyin hannu, gwamnatinsu ta buɗe cibiyar al'adu a Abuja tun 2010, kuma a 2023 Netflix ya sanar da cewa zai zuba dala biliyan 2.5 cikin shekara huɗu a shirye-shiryen Koriya. Mai kallo na waje abokin ciniki ne, ɓacin ransa asara ce. Sai dai yawancinmu a nan ba ma cikin lissafin, saboda muna samun fina-finan ne a shagunan masu turawa a waya, sau da yawa ma da fassarar Hausa. Wannan fassara ta taimaka ƙwarai wajen kai labarin ga waɗanda ba sa iya bin rubutun Turanci a ƙasan allo, amma tana da nata lahanin: mai fassara yakan ƙara barkwancinsa, ya taƙaita doguwar magana, wani lokaci ya sauya dangantakar mutum biyu don ta dace da abin da yake ganin za mu karɓa. Saboda haka wani yabon ko zargin da ake yi wa marubucin Koriya, a gaskiya na mai fassara ne.

Akwai kuma masu kallon da suka ɗauka cewa rayuwar ƙasar tamkar yadda take a fina-finan soyayya ce, kowane saurayi magajin babban kamfani, kowace unguwa tsaf. Alƙaluman hukuma sun nuna cewa a 2023 matsakaicin haihuwa a Koriya ta Kudu ya sauka zuwa 0.72 ga kowace mace, mafi ƙaranci a duniya, kuma tsadar gidaje da kuɗin karatun yara da tsawon lokacin aiki suna cikin dalilan da matasansu suke bayarwa na ƙin yin aure. Su kansu marubutan ƙasar ba sa ɓoye wannan, shi ya sa bashi da ratar da ke tsakanin mai kuɗi da talaka suka cika fina-finansu na baya-bayan nan.

Roƙona gare ku, Edita, shi ne ku ware ɗan fili a shafin nishaɗi domin sharhin waɗannan fina-finai ɗaya bayan ɗaya, a faɗi sunan fim da shekararsa da tashar da ta shirya shi, a bayyana abin da ya ƙunsa ba tare da an tona ƙarshen labari ba. A Koriya ana sanya wa kowane shiri alamar shekarun da suka dace da kallonsa, kamar 12 ko 15 ko 19, amma wannan bayani ba ya isowa ga iyaye a nan, domin mai tura fim a waya ba ya tambayar shekarun wanda ya miƙo masa ita. Idan jaridarku ta riƙa buga wannan alama tare da sharhin, ta kuma nemi masu aiko da ra'ayi su ambaci fim ɗin da suke magana a kansa da wurin da ya burge su ko ya ɓata musu rai, uwa za ta san abin da za ta bari a wayar 'yarta, kuma ni ma zan yi farin cikin aiko da nawa sharhin idan kun buɗe filin.

Na gode. Allah ya ƙara wa jaridarku albarka.

Naku,
Mai karatu daga Zariya