Fina-finan Da Ke Sa Yaranmu Dariya A Kan Gawa

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili in yi magana kan wani nau'in fim da ya cika wayoyin yara a Kano, wanda ake sarar mutum ko a harbe shi, amma a shirya wurin yadda mai kallo zai tuntsire da dariya. Galibinsu na waje ne da aka fassara, sai gajerun bidiyon barkwanci na gida da suka fara bin sawu.

Wannan dariya ƙera ta ake yi a kan kwamfuta. Idan mai haɗa hoto ya tsayar da kyamara a fuskar wanda aka sara na daƙiƙa huɗu ko biyar, ya bar nishinsa, bai sa kiɗa ba, tsigar jikin mai kallo sai ta tashi. In dariya ake so, sai a ɗauke fuskar kafin daƙiƙa ɗaya ta cika, a koma kan wanda ya yi saran yana gatsine. A cire nishin, a sa ƙarar wasa ko ɗan kiɗa mai tsalle, a ƙara wa hoton sauri kaɗan. Sannan mai fassara ya ɗora nasa habaicin da babu shi a asalin fim ɗin, irin su "ka gaida na gaba". Mafi muni, ana yanke duk abin da ke biyo baya: ba a kai kowa asibiti, ba a ganin uwar mamaci, babu zaman makoki.

Jikin ɗan Adam yana amsa ganin rauni da bugun zuciya da gumin tafin hannu, kuma wannan amsa tana raguwa idan aka yi ta maimaita kallo. Dariya kuwa tana gaya wa ƙwaƙwalwa cewa ba komai, don haka zuciya ta fi saurin ƙeƙashewa. A 1974 masu bincike biyu a Amurka, Drabman da Thomas, sun nuna wa wasu yara fim na faɗa, suka bar wasu ba su gani ba, sannan aka ce kowa ya sa ido a kan ƙananan yara biyu, ya kira babba in rigima ta tashi. Waɗanda suka kalli fim ɗin sun fi jinkirin kira.

Ba ina cewa fim ne ya haifi daba ko ƙwacen waya ba. Zaman banza da ƙwaya da watsi da tarbiyya sun riga shi. Wanda nake jin tsoro a kansa shi ne ɗan kallo, yaron da zai ga an kayar da mutum a bakin titi ya zaro waya ya fara ɗauka maimakon ya yi kururuwa. Kuma kada a haɗa wannan da barkwancin marigayi Rabilu Musa Ibro. A can ana guje-guje, a sha sanda, amma kowa yana miƙewa, kuma ana ganin wanda aka doka yana sosa wurin. Su ma fina-finan wajen, da yawa an yi su ne don manya, suna shaguɓe ga yaƙi ko zalunci. Idan aka datse daƙiƙa 30 aka sa a TikTok, shaguɓen ya tafi, saura kisan da dariyar.

Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, ta yi ƙoƙari a kan sutura da rawa da kalamai. Ina roƙon ta riƙa kallon fassararren fim da sautinsa, tana lura ko an nuna zafin wanda aka raunata, da abin da mai fassara ya faɗa a daidai lokacin, da ko wani abu ya biyo bayan kisan. Alamomin shekaru na hukumar tace fina-finai ta ƙasa, 12 da 15 da 18, a bangon faifai suke zama, fim ɗin da aka tura a memori kuwa ba shi da bango. A wajabta wa masu fassara su rubuta shekarun a sunan fayil da farkon fim, kuma masu shagunan turi su daina zuba wa ɗan firamare na 18.

Iyaye kuma, ku karɓi wayar, ku kashe sautin, ku kalli wurin da yaron ke dariya na minti ɗaya. Sannan ku tambaye shi wa zai ɗauki mutumin nan da ke kwance, kuma wa zai je ya gaya wa mahaifiyarsa.

Wassalam.

Wani mai haɗa hoton fim,
Titin Gidan Zoo, Kano