Na shiga fegin wani ban sani ba

Assalamu alaikum, Malam Habu.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, da uwargida da yara. Ka yafe mini shirun da na yi, aiki ne ya sha kaina.

Ka tambaye ni ko har yanzu akwai zinariya a Kalifoniya. Na je na gani, har na sha kunya. Ranar Asabar na hau zuwa gundumar Nevada da ke gindin duwatsun Sierra (ba jihar Nevada ba ce, suna ne ya zo ɗaya). Na sayi tasa, na tsuguna bakin wani rafi mai zuba cikin kogin Yuba, ina ta jujjuya yashi kamar gwani. Ban ankara ba sai ga wani dattijo a kaina, ya nuna mini turke da takarda manne a jikinsa. Ashe fegin wani na shiga! Dajin na gwamnatin tarayya ne, kowa na iya ratsawa, amma abin da ke cikin yashin nasa ne. Na juye tasata, na ba shi haƙuri.

Wannan turken shi ya sa ni bin diddigi. Lokacin da James Marshall ya tsinci zinariya a Coloma, kudu da nan, ranar 24 ga Janairun 1848, babu dokar haƙa ko ɗaya. Mahaƙan kowane sansani su ke zama su yanka wa kansu ƙa'ida: ga faɗin fegi, ga yadda ake kafa alama. Ka bar diga da shebur ɗinka a wuri, naka ne. Ka yi kwanaki ba ka taɓa shi ba, wani ya maye. Majalisar Amurka daga baya ta biyo sahu, da dokar 1866, sannan ta 1872 wadda ake aiki da ita har gobe. Mai bin jijiyar zinariya cikin dutse yana da ƙafa 1,500 a tsawo, 600 a faɗi. Mai wanke yashi kuma eka 20. Sharaɗin da dokar 1872 ta kafa a lokacin shi ne aikin dala 100 duk shekara. A da har mallake filin ake yi dungum, a kan dala 5 ko 2.50 kowace eka, kafin a dakatar da hakan a 1994.

Kada ka ɗauka kowa aka yi wa adalci. Mutanen Nisenan, 'yan asalin wurin, babu wanda ya nemi izininsu. Baƙi kuwa an aza musu harajin dala 20 a wata a 1850, wanda ya kori 'yan Meziko da yawa, wani harajin kuma ya biyo baya a 1852 ya faɗa kan Sinawa.

Amma labarin da ya tsaya mini a rai na George Roberts ne. A 1850 ya gano jijiya a tsaunin Ophir, kusa da garin Grass Valley, ba a jima ba ya sayar da fegin a kan dala 350. Wurin nan shi ya zama mahaƙar Empire, wadda ta fitar da zinariya oza miliyan 5.8 kafin a rufe ta a 1956. Da na ji, sai da na yi salati. Sai dai da na leƙa bakin ramin na daina ganin wautarsa. Hanyoyin da ke ƙarƙashin ƙasa sun kai mil 367. Sai da iyalin Bourn, waɗanda suka mallaki mahaƙar daga baya, suka zuba dukiya, aka samu mahaƙa daga Cornwall ta Ingila da famfunansu na janye ruwa, aka saukar da alfadarai masu jan tarago cikin duhu. Mai diga ɗaya ina zai kai? Kuma ba ƙarewa zinariyar ta yi ba. Gwamnati ta ƙayyade farashi a dala 35 kowace oza tun 1934, tsadar aiki ta yi ta hauhawa, riba ta ɓace. Da aka kashe famfuna, ruwa ya cika ramukan.

Na biya ta tsohuwar mahaƙar Malakoff, inda aka riƙa rusa tudu da ƙarfin ruwan mesa, laka tana gangarawa tana binne gonakin garin Marysville, har alƙali Lorenzo Sawyer ya taka musu birki a 1884. Wurin har yau kamar an yi masa aski da gatari.

Dattijon nan fa mutumin kirki ne. Da ya huce ya nuna mini 'yar kwalba da ƙwayoyi kamar tsabar gero, ya ce in dawo bayan ruwan ƙanƙara ya ja baya, zai koya mini riƙon tasa.

Ka gaida Inna da kyau, ka ce ta sa ni a addu'a.

Naka,
Garba